'Yar Direban Da Ya Ga Faifai a Salitre

SHAFI NA 19

Masu cika min akwatin saƙo tun jiya, na gan ku. Wai na bar ku tsaye a bayan dandamali na yi tafiyata. Ku yi haƙuri, wannan shafin sau uku ina fara shi ina gogewa. Ke kuma da kika rubuto cewa tsufa ne ya fara taɓa min kai, sannunki. An faɗa wa babana abin da ya fi haka, bai fasa gaida mutane ba.

Mu je.

*

Saura minti arba'in in hau dandamali Darrell Haskew ya miƙo min takarda.

Shi ne shugaban kwamitin Bikin Faifan Sama na garinmu Salitre, bikin tunawa da wani abu mai kama da faifai da aka ce babana ya gani a sararin sama, shi ne kuma ya yi wata uku yana damuna da waya har na yarda na dawo a matsayin babbar baƙuwa mai jawabi. Ajinmu ɗaya a firamare. A lokacin "'yar mahaukaci" yake kirana. Yau ga shi da furfura da tumbi, da hular kaboyi da aka liƙa wa ƙahonin roba kore guda biyu, suna rawa duk in ya motsa kai.

"Graciela, mun sauƙaƙa miki aiki," ya ce yana murmushi. "Karantawa kawai za ki yi. Minti goma sha biyar, a yi tafi, a ɗau hotuna, shi ke nan."

Na saka tabarau na duba.

Layi na uku ya ce wai babana ya ga halittu uku masu manyan idanu sun sauko daga cikin faifan, har ɗaya ya ɗaga masa hannu.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Kwamiti."

"Kwamiti na wurin ranar?"

"Haba Graciela..."

"Tambayarka na yi. Ni ina wurin. Ni da Baba, mu biyu rak, a cikin bas ɗin makaranta. Ban ga mai manyan idanu ba, ban ga mai ƙanana ba. Shi ma bai gani ba."

Ya matso ya rage murya. Daga waje ana jin gangar 'yan fareti da ihun jama'a.

"Ki saurare ni. Mutanen nan daga Texas suka tuƙo, wasu daga Arizona. Wata mata tun daga Kanada. Ba su zo nan don a ce musu 'ban san ko mene ne ba'. Tun da aka rufe mahaƙar tagulla kwana ukun nan ne suke riƙe da garin nan. Kin tafi birni kin bar mu, kin manta yadda Salitre take in baƙi sun watse."

"Ban manta komai ba. Shi ya sa na tafi."

Na ninke takardar na jefa a jaka. Na gaya masa ni na riga na tsara abin da zan faɗa. Zan ba da labarin yadda ya faru, in ɗaga hoton faifan da yayana ya ɗauka, ainihin na farkon da nake ajiye da shi shekara arba'in da takwas, in ce ga shaidar babana Eusebio Archuleta, direban da garin nan ya kora daga aiki.

"Hoton? Madalla," ya ce, har da ajiyar zuciya. "To hoton dai ki ɗaga shi sosai kowa ya gani."

Ina juyawa sai ga Yaya Tino a bakin labule, ƙyallen girki ɗaure a ƙugunsa. Ya ji komai.

"Chela, zo mana," ya ce, da sunan da ake kirana a gida.

"Yaya, yanzu za a kira ni."

"Na ce ki zo."

Shekara shida ya ba ni, kuma tun da aka haife shi bai taɓa barin Salitre ba. Motar abincinsa na can ƙarshen layi, dab da mutum-mutumin Baba da aka kafa bara, wanda bai yi kama da Baba ko a kunne ba. Ya bar matarsa tana sallamar masu sayen tamale, ƙullun masarar nan da muke turarawa a ganye, ya ja ni bayan motar, inda tururin masara da barkono ke fita ta taga.

"Kar ki ɗaga hoton nan."

"Saboda me?"

"Ki faɗi duk abin da za ki faɗa. Ki zage su in kin ga dama, ni zan fara yi miki tafi. Amma hoton ki bar shi a jaka."

"Yaya, lokaci na tafiya. Yi magana."

Ya goge hannu a ƙyallen, ya sake gogewa, alhali babu komai a hannun.

"Hoton nan... ni na yi shi."

"Duk duniya ta san kai ka ɗauka. Sunanka ne a ƙasan kowace riga da ake sayarwa a filin nan."

"Ban ce ɗauka ba, Chela. Yi na ce."

Na tsaya ina kallon bakinsa.

"Kin tuna babbar tukunyar Mama ta dafa wake? Wadda murfinta ya ɓata, ta yi sati tana faɗa, tana cewa maƙwabta ne?"

Na tuna sarai. Har ni sai da aka tuhuma.

"To shi ne. Na huda shi a tsakiya, na ɗaura masa zaren fatsa, na rataye shi a reshen bishiyar bakin rafi. Na kwanta a ƙasa na ɗauka."

Na zauna a kan buhun garin masara.

"Shekara arba'in da takwas, Yaya."

"Na sani."

"Na yi dambe a makaranta a kan hoton nan. Na fasa wa wata yarinya baki. Mijina, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa cewa abin ya yi masa kama da kwano, na yi kwana uku ban kula shi ba."

Da ya yi dariya da na mare shi. Bai yi ba.

"Shekarata goma sha bakwai lokacin," ya ce. "Duk inda Baba ya shiga sai ka ji 'Eusebio, ina shaida?' A shagon aski, a bakin coci, ko'ina. Ranar da aka karɓe makullin bas a hannunsa, da ƙafa ya dawo gida, mil bakwai. Ya zauna a baranda, ko hula bai cire ba har rana ta faɗi. Na ce shaida suke so? Zan ba su."

"Tun a lokacin na gaya maka bai yi kama da abin da na gani ba."

"Na ce miki daga ɗaya gefen dutsen na ɗauka."

"Kuma na yarda da kai."

"Kin yarda."

Daga cikin mota matarsa ta ƙwala masa kira, wai barkono ya ƙare. Ya ɗaga mata hannu ta jira.

"Baba fa?" na ce. "Ya sani?"

Ya kalli ƙasa.

"Kwana biyu da fitowar hoton a jarida ya tarar da murfin a ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhu, zaren na jikinsa. Ya kira ni. Na ɗauka dukana zai yi. Sai ya kwance zaren, ya naɗe shi a yatsa, ya sa a aljihu. Ya ce, 'Kai wa uwarka murfinta.' Iyakar abin da ya ce ke nan. Ban iya kai mata ba, na jefa shi a tsohuwar rijiya. Har ya rasu bai sake tayar da zancen ba."

A nan ne na gane abin da ya fi ƙarfin kaina tun ina ƙarama.

Duk ɗan jaridar da ya nuna wa Baba hoton nan, sai Baba ya ce, "Wannan ba shi ba ne." In aka ce to mene ne, sai ya yi shiru. Garin ya ce ai ga hauka ta tabbata: mutum ya ce ya ga abu, an kawo masa shaida, yana musu. Ya ƙi yin ƙarya, ya kuma ƙi tona wa ɗansa asiri. Ya ɗauki sunan mahaukaci sau biyu ya shiga kabari da shi.

"Darrell ya sani?"

"Shekara tara da suka wuce na same su a taron kwamiti na faɗa musu. Darrell ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce ban faɗi komai ba, su ma ba su ji komai ba. Ya ce in na sake, in nemi wani wurin ajiye motata."

"Shi ya sa ya ce in ɗaga shi sosai."

"Chela, ina roƙonki. Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru kawai za ki yi a kan hoton. Jikokina a garin nan suke karatu."

"Baba ma shiru ya yi. Ka ga inda ya kai shi."

"Za su tsane mu."

"Da sonmu suke yi?"

Lasifika ta ambaci sunana. Na miƙe na kakkaɓe garin masara daga siket ɗina.

"Ba zan faɗi sunanka ba, Yaya. Amma ba zan rantse da sunan Baba a kan murfin tukunya ba."

*

Babbar rumfar a cike take maƙil, wasu a tsaye har bakin ƙofa. Masu hulunan takardar naɗe abinci suna ta ƙyalli, masu fuska shafe da koren fenti, har da wata da ta saka wa karenta rigar azurfa. A bayana kuma ga hoton an haska shi a ƙaton allo, ya fi ni tsawo.

Na waiwaya na dube shi sau ɗaya. Ga mariƙin murfin nan a sama, ɓaro-ɓaro. Shekara arba'in da takwas ina kallonsa ban gan shi ba.

Darrell ya gama zuba min kirari, ya miƙo min abin magana, ya koma gefe yana tafi.

"Sunana Graciela Archuleta," na ce. "Waɗanda suka haura hamsin a garin nan sun san ni da wani suna. Ba sai na tuna musu ba."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta san inda za ta dosa ba.

Na zaro takardar kwamiti na ɗaga.

"An ba ni wannan in karanta muku. Mai rubutun ya iya tsara labari. In an tashi ku neme shi ya ba ku da bakinsa."

Na ajiye ta a ƙasa. Ƙahonin hular Darrell suka daina rawa.

"Wannan abin da ke bayana, wanda ke kan rigunanku da kofunanku da ƙofar shiga garin nan, murfin tukunyar uwata ne."

Wasu suka fashe da dariya, sun ɗauka barkwanci ne.

"Ba wasa nake ba. Da shi ake rufe wake a gidanmu."

Dariyar ta mutu. Sai rumfar ta fashe da ihu.

"Ƙarya take!"

"An saye ta!"

"Gwamnati ce ta turo ta!"

"Sauko mana, tsohuwa!"

Wani ya jefo kofin lemo, ya faɗi dab da ƙafata. Na ga Darrell ya yi wa mai kula da sauti alama da hannu. Abin maganar ya mutu a hannuna.

Abin da bai sani ba shi ne shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya a ɗakin gaggawa. Muryar da ke tsayar da ƙaton mashayi a ƙofar asibiti ba ta buƙatar lasifika.

"Kashe abarka, Darrell! Ana jina a haka!"

Aka ji ni kuwa, har bayan rumfa.

Wani dogo mai gemu ya miƙe a tsakiya. "To wa ya haɗa? In gaskiya kike, faɗi suna!"

"Ba zan faɗa ba."

"Kun gani? Babu suna! Ƙarya ce!"

"Ni ne."

Daga can baya muryar ta fito. Kowa ya juya.

Yaya Tino ne a bakin ƙofa, ƙyallen girkinsa na nan a ƙugu, ludayi a hannu, ya ma manta yana riƙe da shi.

"Celestino Archuleta. Kun san motata, rabinku kun ci tamale a wurina yau. Ni na rataye murfin, ni na ɗauki hoton. Ƙanwata ba ta sani ba sai yanzun nan. Mai zagi ya zage ni."

Babu wanda ya zage shi. Ba su shirya ba.

Sai wani mai kwat da tabarau a sahun gaba ya tashi yana tafi shi kaɗai. Ɗaya ne daga cikin masu zuwa kowace shekara da littafinsu na ƙaryata bikin.

"Madalla!" ya ce. "Shekara goma ina faɗa! Duk tatsuniya ce, babu abin da kowa ya gani!"

"Kai kuma zauna," na ce. "Ban zo tallar littafinka ba."

Ya tsaya da hannuwa a buɗe.

"Hoton ƙarya ne. Abin da na gani ba ƙarya ba ne. Duk wanda ba zai iya riƙe biyun a kansa lokaci ɗaya ba, ga ƙofa can."

Babu wanda ya fita.

Na ba su labarin kamar yadda yake. Shekarata goma sha ɗaya. Ƙarfe huɗu na yamma, rana tarwai. Baba ya sauke kowa, saura ni, muna kan hanyar gida ta gefen dutse. Bas ɗin ta mutu haka kawai, babu ko tari. Baba ya murɗa makulli, shiru. Sai na ga shanun da ke bakin tafki duk sun durƙushe lokaci ɗaya.

"Yana sama da tafkin," na ce. "Ba zagayayye ba ne kamar faifai. Dogo ne, kamar kwale-kwale a kife, launin toka. Ba fitila, ba hayaƙi, ba ƙara. Na yi addu'ar da Mama ta koya min sau uku daga farko har ƙarshe yana nan bai motsa ba. Ina fara ta huɗu na neme shi na rasa. Bas ta tashi da kanta. Na ce, 'Baba, mene ne wannan?' Ya ce, 'Ban sani ba, 'yata.' Kuma har ya mutu amsarsa ke nan. Ni ma ita ce tawa. Ba ta isa a buga a riga ba, amma ita ce gaskiya."

Yanzu ana jina ko ban ɗaga murya ba.

"Baba ya ce ya hango wata mota a madubi, can baya a kan kwana, ita ma a tsaye. Aka yi cigiya a coci, aka yi a jarida. Babu wanda ya fito. Bayan sati biyu shugaban 'yan sandan garin nan, Clyde Haskew, mahaifin wannan mai ƙahon da ke tsaye a gefena, ya je gaban hukumar makaranta ya ce ya ji warin giya a bakin Eusebio ranar. Mutumin da ko a bikin aurensa ruwa ya sha. A ranar aka karɓe makullinsa."

"Graciela, ya isa," Darrell ya ce. Ya tako tsakiyar dandamali. "Babana ya rasu, ba ya nan balle ya kare kansa."

"Nawa yana nan ne?"

"Jama'a, za mu ɗan huta, akwai gasar kwalliya a..."

"Kun yi masa mutum-mutumi," na ce da ƙarfi. "Kun sa masa fure. Amma har yau a takardar hukumar makaranta 'mashayi' aka rubuta a gaban sunansa. Ba tafi na zo nema ba. Wannan kalmar na zo a goge."

Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Ƙwas. Ƙwas.

Wata tsohuwa ce a sahun gaba take ƙoƙarin miƙewa da sandar tafiya. 'Yar siririya, gashi fari fat, jakar coci rataye a hannu. Sai da ta ɗago kai na gane ta. Misis Opal Haskew, matar marigayi shugaban 'yan sanda. Ta kusa casa'in.

"Mama, zauna," Darrell ya ce. "Za ki faɗi."

Ba ta ko kalle shi ba. Ni take kallo.

"'Yar Eusebio."

"Na'am, Mama Opal."

"Babanki bai sha komai ba ranar."

Na matso bakin dandamali.

"Motar da ya gani a madubi tamu ce. Ita ma mutuwa ta yi a kan kwanar. Clyde ne ke tuƙi." Ta gyara riƙon sandarta. "Ni ina gefensa."

"Mama, don Allah!" Muryar Darrell ta canza. "Ba ta da lafiya, jama'a, magungunanta ne..."

"Rufe min baki, Darrell. Ni na haife ka."

Ta jingina sandar a kujera, ta buɗe jakar. Sai da ta yi ta lalube kafin ta zaro wani tsohon ambulan da ya yi ruwan ƙasa, ɗaure da zare.

"Clyde ya ce in ya faɗi abin da ya gani, shi ma aikinsa zai tafi. Ya sa na rantse. Na riƙe masa rantsuwarsa yana raye, na riƙe masa bayan ya mutu. Na gaji."

Na sauko mataki ɗaya. Na biyu.

"Mene ne a ciki, Mama Opal?"

"'Yan sanda ba sa fita babu kyamara a mota, 'yata," ta ce. "Hoto huɗu ya ɗauka."

Ta miƙo min ambulan ɗin.

Na miƙa hannu.

Darrell ya diro daga kan dandamali, ya riga ni kaiwa.